Masu son tukin tirela, ga shawara

Salam 'yan uwa, duk mai son lasisin babbar mota don Allah kar ya ba wani ɗan kamasho kuɗi wai zai kawo masa har gida, wallahi na bogi ake bugowa, ranar da 'yan Road Safety suka duba a kwamfuta sai kuka. Lasisin tirela da tanka ajin G ne. Ka nemi makarantar tuƙi da FRSC (hukumar Road Safety) ta amince da ita, kuma kafin ka biya ko sisi ka ce su nuna maka motar, don wasu ƙaramar mota kawai gare su, ina za ka koyi ribas da bodi da birkin iska? Sai gwajin asibiti, musamman ido. Ni dai a ganina ka samu oga a Mararrabar Jos ka bi shi ko Legas ne, hannu ya faɗa.