Yawon cin abincin titi a Palermo: kurakuran da mutanenmu ke ta maimaitawa

Da zarar lokacin hutu ya kama a Turai, sai wayata ta cika da tambaya iri ɗaya daga 'yan'uwanmu, ɗalibai daga Jamus da Faransa, 'yan kasuwa masu sarin takalma da jaka, da masu zuwa da iyali: za mu leƙo Palermo, wane yawon cin abinci za mu biya? Palermo dai babban birnin tsibirin Sisili ne, a kudancin Italiya. Tambayar ba ta da laifi. Abin da ya ishe ni shi ne galibi sai an biya, an ci, an sha, sannan a kira ni ana salati. Na gaji da amsa wa mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai taɓa yi ba, jagora ne ke tara mutum 10 ko 12, sau da yawa a gaban gidan wasan Teatro Massimo ko a mararrabar Quattro Canti, ya bi da su a ƙafa cikin tsoffin kasuwannin birnin, Capo da Ballarò da Vucciria, na awa 3 zuwa 4. A tsaya nan a ɗanɗana, a matsa gaba a ji tarihi. Kuɗin kan fara daga wajen Yuro 40 ga kowane mutum, kuma galibi da kofin giyar inabi ɗaya ko biyu a cikin lissafin.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai, shi ne mutum ya ɗauka in ya kauce wa kofin giya shi ke nan ya tsira. Kofin giya ai ido na ganinsa, ka ce ba ka sha a wuce wurin. Wanda ke cin mutanenmu shi ne kitsen alade, domin ba ya nuna kansa, yana cikin kasko da cikin kwaɓin fulawa. Kuma tarihin birnin na ƙara sa mutum ya saki jiki. Jagora zai gaya maka Musulmi sun ci Palermo a shekarar 831, sun riƙe ta har Normawa, mayaƙa daga arewacin Faransa, suka karɓe a 1072, kuma matafiyi Ibn Hawƙal da ya ziyarce ta a 973 ya ba da labarin masallatai wajen 300. Duk gaskiya ne. Zai nuna maka rake da lemu da shinkafa ya ce Larabawa ne suka yaɗa su a tsibirin. Sai ɗan'uwa ya ji kamar yana gida, ya miƙa hannu. To, shekara kusan dubu ke nan da mulkin ya fita daga hannun Musulmi, kuma masu girkin yau ba su da wani dalilin guje wa alade.

Na ga wannan da idona a kan kawuna, dattijo mai tsantseni, wanda ya zo duba lafiya a arewacin Italiya ya ce sai ya ga inda nake zaune. Na biya mana yawon, na rubuta wa kamfanin cewa ba ma cin naman alade, suka amsa da to. Muka isa wurin mai pani ca meusa, wato burodi mai riɗi da ake cusa wa saifa da huhun maraƙi. Kawu ya tambaya ta bakina, naman mene ne? Jagora ya ce na maraƙi ne, babu alade. Mai sayarwa na tsaye gaban wata ƙatuwar tukunya da aka karkata gefe guda, mai ya taru a ƙasanta yana tafasa, yana jawo yankan saifa daga sama yana tsomawa, ya ɗora a burodi, ya matse da cokali mai ya tsiyaye, ya matsa lemun tsami. Kawu ya yi bisimilla ya ci, ya ce wannan ya yi. Yana kan na biyu na hango mutumin ya buɗe wani bokiti a ƙarƙashin tebur, ya ɗebo farin abu mai daskarewa ya jefa a tukunyar. Na tambaya, ya ce strutto, ko a jikinsa. Kitsen alade ne narkakke, kuma da shi ake soya wannan abinci a ko'ina cikin birnin.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ajiye sauran, ya nemi ruwa ya kuskure baki, ya ce, "Ɗana, mayar da ni gida." Daga ranar har ya tafi bai ƙara cin komai ba sai dabino da shayi da abin da matata ta dafa yana kallo. An gaya masa wanda bai sani ba babu laifi a kansa, ya ce ya sani, amma zuciyarsa ta ƙi. Har yau in na ce wa wani a gidanmu abu kaza halal ne a Turai, sai an sake tambayar wani. Jagoran nan bai yi ƙarya ba, a ganinsa. An tambaye shi nama, ya amsa a kan nama. Bature in ka ce ba ka cin alade, tsoka yake ji, kitse ba ya zuwa masa a rai ko kaɗan.

Saboda haka ku daina cewa "ni Musulmi ne" ku yi shiru kuna jiran a gane sauran. Ba za a gane ba. Ku kira abin da sunansa: strutto, ko sugna, duk kitsen alade ne. Ni a kowane tebur sai na ce "C'è strutto?", wato akwai kitsen alade a ciki, kuma mai kasko nake tambaya, ba jagora ba, domin shi ya zuba man. Kada ku dogara da takardar da ake liƙawa ta abubuwan da ke tayar wa mutane da rashin lafiya. Dokar Tarayyar Turai abu 14 ta lissafa, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da riɗi, alade ba ya ciki.

Kuma tarkon ba a saifa kaɗai yake ba. Arancina, dunƙulen shinkafar nan da ake soyawa, iri biyu ce a al'ada. Mai nama, miyarta kan haɗa naman sa da na alade. Mutanenmu sai su gudu zuwa ɗayar, al burro, su ce ai man shanu ne. Akwai yankakken naman alade a cikinta tare da cuku. Frittula, wadda mai ita ke zura hannu cikin kwando lulluɓe da ƙyalle ya ɗebo maka, ragowar naman maraƙi ce da aka soya a kitsen alade. Kayan fulawan da ake jerawa a gilashi da safe, su calzone da ravazzata, kwaɓinsu da kitsen ake yi. Stigghiola hanjin rago ko na maraƙi ne a kan garwashi, ƙamshinsa kuwa sai ka rantse tukubar mai tsire ce a bakin tasha, amma dubi wayar gashin da kyau: sau da yawa a gefensa ana gasa mangia e bevi, albasa mai ganye da aka naɗe da naman alade, mai na ɗiga yana haɗuwa. Sai cannoli, soyayyen ɓawon fulawa mai kamar bututu da ake cika da cuku mai zaƙi, wanda kowa ke ɗaukar hoto da shi. Jagora zai ba ka tatsuniyar cewa matan wani sarkin Larabawa ne suka ƙirƙiro shi a Caltanissetta. Cukun cikinsa na madarar tumaki ne, ba matsala, amma ɓawon a girkin gargajiya da kitsen alade da giyar Marsala ake kwaɓa shi, wasu ma a kitsen suke soyawa. Haba jama'a, mutum ya yi sallar asuba a otal, ya fito ya cinye uku saboda an ambaci Larabawa?

Abin da nake ci da kwanciyar hankali, bayan na tambayi man suya, shi ne panelle, soyayyen garin waken nan da Larabawa ke yin hummus da shi, a cikin burodi da crocchè na dankalin turawa, bai cika wuce Yuro 3 ba. Sai kifi da sauran kayan teku da ake soyawa ko dafawa a gabanka, da caponata ta yalo, da granita, niƙaƙƙiyar ƙanƙara mai zaƙi, ta lemun tsami ko ta almon. Sfincione, burodi mai kauri da tumatir da albasa da ƙananan kifi, wasu da man zaitun suke yi, wasu na sa kitse, sai an tambaya. Nama kuwa na bar shi gaba ɗaya a titi. Na san malamai sun yi saɓani a kan yankan ma'abota Littafi, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Ni dai mahautan halal na nan a kewayen Ballarò, unguwar da 'yan Bangaladash da 'yan Tunisiya da 'yan Afirka ta Yamma suka cika, can nake saye in kai gida.

Kuskure na biyu shi ne biyan yawon da aka gina shi kacokan a kan giya, da tunanin za a lallaɓa. Ku karanta tallar har ƙarshe kafin ku sa lambar kati. In ka ga sunayen Nero d'Avola, Grillo, Catarratto ko Zibibbo, to sunayen inabin giya ne, ba na abinci ba. Irin wannan yawo, musamman na yamma, rabin lokacinsa a zaune ake yi a shagon giya, kuma rabin kuɗinka can ya tafi. Na sha ganin ɗan'uwa da matarsa da hijabinta sun takure a ƙarshen tebur da kwalbar ruwa, minti 40 ana bayanin inabi, su ba su tashi ba su ba su sake ba, alhali sun san hadisin da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagaya giya. Wa ya aike ku? Kunyar Bature ce ta hana ku rubuta layi biyu kafin ku biya? Ku rubuta ku ce ba ku sha, ku tambaya a wace tsayawa ake kawo giya, a tsaye ne a kasuwa ko a zaune a shago, kuma me za a ba ku a madadinta. Matsattsen lemu ko rumman na nan a kasuwa, akwai madarar almon, akwai chinotto, lemon kwalba mai ɗan ɗaci. Kamfanin da ya kasa ba da amsa a fili, ku bar shi. Ni in baƙina sun kai 4, jagora na kanmu nake ɗauka da safe, in gaya masa sharuɗɗana tun a waya. In aka raba kuɗin, bambancin ba shi da yawa.

A nan ma akwai ɓoyayye. Acqua e zammù, ruwan sanyi da ake ɗiga wa wani abu ya yi fari-fari, ana tallarsa da sunan tsohon abin shan Larabawa. Abin da ake ɗigawar barasa ce mai ƙarfi da aka yi da anis. Kek ɗin da ake kira babà a giyar ram ake jiƙa shi, wasu kuma na sa Marsala a kayan zaƙin nan tiramisu. 'Yan'uwanmu Kirista da ke sha, ku ma ku kula: Marsala ƙarfinta na kaiwa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, zaƙinta na ruɗi, ga rana, ga tafiyar ƙafa a gaba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata yini. Kada ku cika ciki da karin kumallon otal, tsayawa ta uku za ku sare. Kada ku cinye duk abin da aka miƙa a farko, ku raba ɗaya ku biyu. Vucciria da rana kusan ba kowa, da dare kuma mashaya ce a fili, kasuwa ta gaske a Ballarò da Capo take, da safe, kuma ran Lahadi rumfuna da yawa a rufe suke. Yawon tsakar rana a Yuli da Agusta ganganci ne ko ga wanda ya tashi a Sakkwato, domin a tsibirin nan ne, kusa da Siracusa, aka auna zafi 48.8 a Agustan 2021. Ku sa takalmi mai riƙe ƙasa, daɓen dutsen kasuwa sulɓi gare shi inda masu kifi ke watsa ruwa. Ku riƙe canji, ku mayar da jaka gaba a cunkoso. Ku nemi izini kafin ku ɗauki hoton mai rumfa. Ihun da 'yan kasuwa ke yi tallar kaya ce, kada ku tsorata. Kuma kada ku tsaya ciniki a kan burodin Yuro 2 layi na jiranku.

Sallah ma a sa ta a lissafi tun kafin a zaɓi lokaci. Yawon da ya fara 10:30 na safe kan ƙare daidai azahar, kuma akwai masallaci a tsakiyar tsohon gari, a ginin tsohuwar majami'ar San Paolino da aka mayar masallaci a 1990, tafiya kaɗan daga babbar majami'ar birnin. In hanyarku ta bi ta babbar majami'ar, ku ce wa jagora ya tsaya a shirayin shiga ya nuna muku ginshiƙin da ke hannun hagu mai rubutun Alƙur'ani a jikinsa, aya ta 54 cikin Suratul A'araf. Masu yawon abinci kan wuce shi da sauri don su cim ma tsayawa ta gaba, sai ka roƙa ake tsayawa.