Yadda Za Ka Gyara Ƙofar Gareji Mai Naɗewa Idan Ta Cije

Tun shigowar hunturu ake ta tambayata wannan. Yawanci ƙura ce kawai.

1. Ɗaga ƙofar sama iya inda za ta kai, don kwararon da take bi ya fito fili.
2. Da burushi, kakkaɓe yashin da ya cika kwararon ƙarfe na gefe biyu.
3. Goge kwararon da tsumma mai ɗan kananzir.
4. Bari ya bushe. A nan ake kuskure: kada ka lafta giris ko baƙin mai a ciki, ƙura za su kama, su zama caɓi.
5. Ɗiga man keken ɗinki a bakin sandar sama, inda take juyawa.
6. Ɗaga ka sauke sau uku.

Idan har yanzu da nauyi, sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke taimakawa wajen ɗaga ƙofar. Don Allah kada ka kwance shi, a ɗaure yake tamau, yana karya hannu. Kira mai walda.