Yadda na sa na'urar shara ta daina maƙalewa a dokin ƙofa

Alhamdu lillahi, na'urar sharar nan mai yawo da kanta yanzu tana shiga ɗakin girki ba gardama. A da idan ta iso dokin ƙofar sai ta ɗora gabanta, tayoyin su yi ta juyawa a banza, ta kama ƙara har sai an ɗaga ta.

Da farko na zaci ƙurar hunturu ce ta rufe idanun da ke ƙarƙashinta, masu gane rami. Na goge su da busasshen ƙyalle, na kuma cire gashi da zaren da suka naɗe tayoyin. Babu canji.

Awo ne ya warware matsalar. Yawancin irin waɗannan na'urori iyakar hawansu kusan santimita 2 ne, dokin ƙofarmu kuwa santimita 3, domin tayil ɗin ɗakin girkin ya fi na falo tudu.

Na kai wa kafinta awon, ya yanko katako daidai faɗin ƙofar, ya feƙe shi ya zama gangare: santimita 3 a baya, siriri a gaba, tsawon gangaren santimita 15. Na liƙa shi da salatif mai manne fuska biyu don kada ta ture shi. Kada a shafa masa baƙin fenti. Baƙi yana shanye hasken idanun, sai ta ɗauka rami ne ta ja da baya.

Daga nan na share tsohuwar taswirar gidan a manhajar waya, na bar ƙofofi a buɗe ta zana sabuwa. Allah ya saka wa kafintan da alheri.