Yadda Ake Fitar da mRNA Daga Zaren DNA a Takardar Jarrabawa

'Ya'yan Hausawa da ke karanta ilimin halittu a makarantun sakandare na Makka da Jidda da Madina sukan gamu da wata tambaya: a ba su jerin haruffan DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a ce su rubuta mRNA da zai fito daga ciki, wato kwafin saƙon da ke cikin DNA ɗin. Tambayar ba ta da wuya, amma duk wanda ya soma rubutu kafin ya tantance wane zare aka ba shi da kuma inda zaren ya fuskanta, da ƙyar zai tsira da makinsa.

Da farko ka san abin da ke faruwa a cikin tantanin halitta. DNA yana zaune a cibiyar tantani, alhali kuwa a wajenta ake ƙera furotin, don haka sai an kwafo saƙon an fitar da shi, kamar yadda almajiri ke kwafo darasi daga littafin malam zuwa allo, littafin yana nan a ajiye, allon kuwa a wanke shi bayan an yi amfani da shi. Mai yin kwafin wani inzayim ne (sinadari mai gudanar da aiki a cikin tantani) da ake kira RNA folimares, kuma a jikin mutum na biyu daga cikin ukun da ake da su ne ke yin mRNA. Yana sauka a farkon ƙwayar gado (yankin DNA mai ɗauke da saƙon), wurin da ake kira furomota, ya buɗe zaruruwan DNA biyu da ke manne da juna, ya karanta ɗaya kaɗai daga gefen 3' zuwa gefen 5', yana gina sabon zare daga 5' zuwa 3' (3' da 5' sunayen bakuna biyu na kowane zare ne).

Saboda haka, kafin komai, duba alamomin 3' da 5' a bakin jerin, sannan ka karanta tambayar ka ga ko zaren da folimares ke karantawa aka ba ka ko abokinsa. Idan wanda ake karantawa ne, jera shi daga 3' zuwa 5', ka sa abokin kowane harafi a ƙarƙashinsa: C a ƙarƙashin G, G a ƙarƙashin C, A a ƙarƙashin T, sai U a ƙarƙashin A, domin RNA ba ya ɗauke da T ko ɗaya. Idan kuwa ɗaya zaren aka ba ka, aikin ya zo da sauƙi, domin mRNA daidai yake da shi, sai dai a sa U duk inda T yake. A nan ɗalibai da yawa ke faɗuwa, su yi ta haɗa abokan haruffa a inda ba a bukata.

Gwada da misalin da ya shafe mu. A ƙwayar gadon beta-gulobin, wani furotin na cikin jajayen ƙwayoyin jini, wadda ke kan kuromozom (ƙunshin DNA) na 11, akwai wani yanki da zaren da ake karantawa yake 3'-GGA CTC CTC-5'. Idan ka bi ƙa'idar za ka sami 5'-CCU GAG GAG-3'. Ga mai ɗauke da sikila, harafi ɗaya ne ya sauya, yankin ya koma GGA CAC CTC, sai mRNA ya fito CCU GUG GAG. Folimares bai yi kuskure ba, abin da ya tarar ya kwafa. Sakamakon shi ne wani tubalin furotin da ake kira balin ya shiga mazaunin wani da ake kira gulutamik asid a matsayi na 6 na furotin ɗin, jajayen ƙwayoyin jini su riƙa lanƙwashewa idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. Wannan ciwo na cikin abubuwan da ake dubawa a gwajin kafin aure da Saudiyya ta wajabta tun 2004, kuma a ganina ɗalibin da ya yi aiki da wannan misali da hannunsa ba zai sake manta ƙa'idar ba.

Sai ka duba ko tambayar kan mutum take ko kan bakteriya. A jikin mutum, abin da folimares ya fitar ɗanye ne: ana sa masa hula a gefen 5', a ƙara masa jela ta haruffan A kimanin 200 a gefen 3', a yanke sassan da ake kira intiron, a haɗa waɗanda ake kira ekson. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano wannan rabuwa a 1977, aka ba su kyautar Nobel a 1993. Beta-gulobin tana da ekson 3 da intiron 2, don haka idan aka nuna intiron a tambaya aka nemi cikakken mRNA, cire shi kafin ka rubuta amsa.

Bakteriya ba ta da cibiyar tantani, folimares ɗinta iri ɗaya ne tak, kuma ana soma ƙera furotin tun kwafi bai ƙare ba. Wannan inzayim nata ne maganin tarin fuka rifamfisin ke toshewa. A tambaya irin wannan kada ka ƙara hula, kada ka nemi intiron, amma ka rubuta 5' da 3' a bakin amsarka, domin jerin da babu su ana iya karanta shi ta kowane gefe ya ba da ma'ana dabam.