Yadda ake gina gadar dutse mai baka ɗaya, irin ta Grosvenor

A garin Chester na ƙasar Ingila, a kan kogin Dee, akwai gadar Grosvenor, wadda Thomas Harrison ya zana, James Trubshaw ya gina. Tsohuwar gadar garin ta yi wa keken dawaki ƙunci, shi ya sa aka nemi sabuwa. Bakanta, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da ita mai siffar bakan harbi, ɗaya ne tak, faɗinsa ƙafa 200, kusan mita 61. Gimbiya Victoria ce ta buɗe ta a 1832, kuma sai da aka yi shekara kusan 30 kafin a sami bakan dutse da ya fi nata faɗi a duniya. Ga yadda magina ke ɗaga irin wannan aiki.

Da farko a ƙarfafa gaɓar kogi biyu. Baka ba ƙasa kawai yake danna nauyinsa ba, turi yake yi gefe da gefe. In gindin ya motsa ko kaɗan, baka zai buɗe. Inda ƙasa ta yi laushi, sai a kafa turakun katako a ɗora harsashi a kansu.

Daga nan kafintoci su haɗa ƙaton katako mai siffar bakan, su tsayar da shi a kan kogi bisa matosai, wato guntayen katako masu tsini da ake cusawa a ƙarƙashinsa. Shi zai riƙe duwatsu kafin su iya riƙe kansu.

Sai sassaƙa, kuma a ganina nan gwanintar take. Kowane dutse samansa ya ɗan fi ƙasansa faɗi, ta yadda nauyi zai riƙa matse shi cikin 'yan'uwansa maimakon ya zame. A jera su daga dama da hagu lokaci guda, sahu bayan sahu. Wanda ya yi gaggawa ya cika gefe ɗaya, katakon zai karkace, bakan ya fito a gurguje. Dutsen tsakiya shi ne na ƙarshe, shi ke kulle sauran.

Bayan kwaɓin da ke tsakanin duwatsun ya kama, a sassauta matosan kaɗan-kaɗan, ana duban yadda bakan ke zama da kansa. Kada a zare su farat ɗaya.

In ya zauna daram, a gina bangon gefe, a cike bayan bakan, a bar hanyar fitar ruwan sama, sannan a shimfiɗa titi a sa katangar kariya.