Fosta a bayan kabad: kurakuran da ke hana binciken likitocinmu shiga mujalla

Ran nan ina neman wata takarda a ɗakin hutun likitoci a asibitinmu a nan Jos, sai na ci karo da fosta huɗu a naɗe bayan kabad, ƙura ta lulluɓe su. Na warware ɗaya, ashe bincike ne kan jijjigar masu juna biyu. An kai shi taro shekara uku da suka wuce, an tafa, an ɗauki hoto, shi ke nan. Abin ya tsaya mini a rai.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2018 ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya ta tace shi, ta fitar da nazarin Roberta Scherer da abokan aikinta, inda suka tattara rahotanni 425 kan tsakure, wato taƙaitaccen bayanin bincike, guda 307,028 da aka gabatar a tarukan lafiya. Kashi 37 cikin 100 ne kacal suka zama cikakkiyar maƙala. Da aka tambayi masu bincike dalili, amsar da ta fi yawa ita ce rashin lokaci.

Nan kuskuren farko yake: a ce sai an dawo daga taro za a zauna a rubuta. An dawo, ga aikin kwana, ga layin marasa lafiya, ga jarrabawa, zafin abin ya huce. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ka rubuta sashen hanyoyin bincike da na sakamako tun kafin ka hau motar Abuja, tambayoyin da aka yi maka a zauren taro kuma ka rubuta su a daren, domin su ne masu tantance maƙala na mujalla za su sake yi maka.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɓoye sakamakon da "bai nuna komai ba". Nazarin nan ya nuna cewa binciken da ya samu bambanci tsakanin abubuwan da ya kwatanta ya fi samun bugawa. Ka duba illar: in an gwada magani sau biyar, biyun da suka yi kyau aka buga, ukun suka kwana a durowa, likitan da ke Pankshin zai karanta ya ɗauka maganin ya fi ƙarfinsa na gaskiya. Matan da suka yarda aka ɗebi jininsu kuwa, ba don a ƙawata bango suka yarda ba. "Babu bambanci" sakamako ne, a buga shi.

Wasu na tsoron wai tunda tsakure ya fito a littafin taro, mujalla za ta ce an riga an buga. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, ba ta ɗaukar wannan a matsayin bugawa; ka dai ambata a wasiƙarka ga edita. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a kuma a same ta kafin a fara. In gwajin magani ne, a yi masa rajista, misali a PACTR, rajistar gwaje-gwajen lafiya ta Afirka, kafin a ɗauki mutum na farko. Jerin sunayen marubuta a daidaita shi tun ranar farko, rigimarsa ta kashe maƙala da yawa.

Sai imel ɗin da ke biyo bayan taro, mai yabo kamar na maroƙi, yana alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya dala. Ka nemi sunan mujallar a DOAJ ko PubMed, shafukan intanet masu jera mujallun da aka tantance, tukuna. Mujallun Afirka kuwa ga su nan a AJOL, shafin da ke tattara su. In mujalla ta gaskiya ta ƙi karɓa, ka gyara abin da suka nuna, ka tura wata cikin makon.

Na nemo mai fostar, na ce, "Dakta, bayanan nan suna nan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, suna cikin tsohuwar kwamfutata, in dai za ta tashi."

Kwamfutar ta tashi. Mun sa ranar Alhamis don fara rubutu, bayan zagayen marasa lafiya.