An sace maka moto a Damagaram: abin yi tun kafin rana ta faɗi

Moton da aka sace a Zinder ba ya kwana inda aka ɗauke shi. Daga gari zuwa Matamaye ko Magarya kilomita 100 ba su cika ba, daga can kuma iyakar Najeriya ce, ta Ɗan Barto ko ta Tinkim, ban da hanyoyin daji. Wanda bai ƙetara ba, kwance shi ake yi, inji ya tafi gabas, ƙafafu su yi yamma. Sa'o'in farko su ne kome, kuma abin da zai yi maka aiki a cikinsu lambobi ne da takarda.

Yau, tun moton yana hannunka, ka duƙa ka duba wuyansa, ƙasan kan da ake riƙewa. Nan aka buga lambar shasi a jikin ƙarfe. Lambar inji tana ƙasa, a jikin injin. Ka goge ƙura da bakin mai, ka ɗauki hotonsu, ka rubuta su a littafi. Ka ɗauki hoton duk wata alama da kai kaɗai ka sani, kamar walda a salansa ko tsagewar kujera. Takardar mallaka, wato kart giriz, kada ta zauna a jikin moton. Da yawa sun rasa moto da shaidarsa lokaci guda. In na hannu ka saya, a rubuta takardar ciniki da shaidu 2, ka gwada lambar takarda da ta ƙarfen kafin ka miƙa kuɗi, don sayen kayan sata laifi ne mai zaman kansa. Waya ma haka: danna *#06#, lamba 15 za su fito, ka ajiye su.

Da an sace, kira 17, lambar ƴan sanda, sannan ka tafi komisariya da ƙafarka. In a wajen gari abin ya faru, aikin jandarmomi ne. Ka riƙe katin shaidarka, da kart giriz, da wanda ya gani in akwai. Faɗi lokaci da wuri daidai: bakin Kasuwar Dole bayan La'asar ya fi "cikin gari da yamma". Da Faransanci ake rubuta bayani, saboda haka kada ka sa hannu sai an karanta maka an fassara, ka kuma bi lambar shasi ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren lamba guda ya isa a kama motonka a kasa gane naka ne. Ka karɓi lambar da aka yi wa ƙararka rajista da sunan jami'in da ke riƙe da ita. In an ji maka rauni, ka nemi takardar likita a ranar, mai nuna kwanakin da ba za ka iya aiki ba.

Daga nan ka kai hoton ga mai unguwa, da ƴan kabu-kabu, da makanikai, da ƴan tasha. Hoton moto za ka watsa, ba sunan wanda kake zargi ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 tana hukunta ɓata suna, sai ka koma kai ne ake tuhuma.

Jami'ai sun yi kaɗan, kayan aiki ma haka, kuma ƙarar da mai ita bai bibiya ba barci take yi. Ka koma bayan kwana 2, ka sake komawa. In an kama wani, sa'o'i 48 doka ta ba su su tsare shi, sai mai shigar da ƙara na gwamnati ya ƙara wa'adi. A cikin waɗannan sa'o'in za ka kawo shaidunka, ba bayan an sake shi ka zo kana kuka ba. In shiru ya yi yawa, rubuta ƙara kai tsaye zuwa ga mai shigar da ƙara a babbar kotun Zinder, ka riƙe kwafi mai hatimi. Marar hali ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a kyauta.

A irin wannan takaicin ne wani zai raɗa maka cewa ka nemi bindiga. Tun faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka yawaita a yankin, samunsu bai yi wuya ba. Amma riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, ko da harba-ka-ruga ce ta maƙeri, kuma a halin tsaron da ƙasa ke ciki, wanda aka kama da ita a shingen bincike ba kallon mai kare moto za a yi masa ba. Ba ta ma magance satar. Ɓarawo yana ɗaukar moto ne kana cikin sahu a masallaci, ɗan kabu-kabu kuma ta bayansa fasinja ke shaƙe shi. Wanda ya gaji bindiga marar takarda, kada ya saɓo ta a titi. Ya sanar da mai unguwa, su sanar da jami'ai su zo su karɓa. CNCCAI, hukumar gwamnati mai kula da makamai marasa izini, tun 1994 take tattara irin waɗannan makaman.

In kun kama ɓarawo hannu dumu-dumu, ku riƙe shi ku miƙa shi. Duka laifi ne a kanku, kuma wanda aka sumar ba ya faɗin inda ya kai kaya ko wa ke saye.

Makullin kan moto da fizga ɗaya yake karyewa. Sarƙa mai kauri ta ratsa ƙafar baya da shasi, a ɗaure ta a ginshiƙi, kwaɗon kuma ya rataya sama, kada ya kwanta a ƙasa inda guduma za ta same shi. Ka sa makanikin da ka yarda da shi ya ɓoye maka maɓallin da ke yanke wutar inji, a wurin da ku biyu kaɗai kuka sani.